Kanar John Stapp, likitan da ya ɗaure kansa a kan roka don ya san iyakar jikin ɗan Adam

Jama'a, yau tarihin wani Ba'amurke na kawo mana, likitan soja ne, ya rasu tun 1999. Na san da wuya a samu mutum biyar daga Manhyia zuwa Aboabo da suka taɓa jin sunansa. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban tasi ya jawo bel ya ɗaura, ko ma ya jawo shi ya riƙe a hannu kawai saboda ya hango polisi a gaba, to ya taɓa aikin mutumin nan. Ba shi ya ƙirƙiri bel ɗin mota ba, wannan dai a faɗe shi tun farko. Abin da ya yi ya fi haka wuya. Ya ɗauki jikinsa ya mai da shi abin gwaji, aka yi ta cilla shi ana tsayar da shi da ƙarfi har sau 29, don a gane nawa ne jikin mutum zai iya ɗauka kafin ya lalace, kuma wane irin ɗauri ne ke ceton rai.

Sunansa John Paul Stapp. An haife shi ranar 11 ga Yuli, 1910, a Bahia ta ƙasar Burazil, inda iyayensa suke aikin mishan na cocin Baptis. Shi ne babba cikin 'ya'ya maza huɗu. Yana yaro aka mai da shi jihar Texas ta Amurka don karatu, ya shiga jami'ar Baylor, kuma a lokacin hankalinsa yana kan rubuce-rubuce ne. Masu tarihinsa sun ce abin da ya juya shi zuwa likitanci shi ne wani ɗan uwansa ɗan shekara 2 da ya rarrafa kusa da murhu a ƙarshen shekarar 1928, wuta ta kama shi. Stapp ya zauna jinyarsa dare da rana har yaron ya cika. Daga nan ya ƙudurta zai zama likita. Sai dai kuɗi babu, ga shi lokacin ne tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Dole ya bi doguwar hanya: digiri na farko a 1931, na biyu a 1932, ya yi koyarwa, ya yi digirin digirgir a jami'ar Texas a 1940, sai a 1944 ya samu takardar likita daga jami'ar Minnesota. A shekarar ce ya shiga soja, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1946 aka tura shi ɗakin binciken lafiyar matuƙa jirgin sama da ke Wright Field a jihar Ohio. Aikinsa na farko a kan matuƙan da ke hawa sama sosai ne, waɗanda iska ke kumfa a cikin jininsu har gaɓoɓi su riƙe. Shi da kansa ya riƙa shiga jirgin ana hawa da shi, har ya tabbatar cewa in mutum ya shaƙi tsantsar iskar oksijin na rabin awa kafin tashi, matsalar tana raguwa. Tun daga nan halinsa ya bayyana. In za a gwada abu mai haɗari, shi ne farkon shiga.

Kafin mu shiga babban aikinsa, bari in yi bayanin ma'aunin da ake ta magana a kansa, don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai yi daɗi ba. Masana suna kiransa G. G ɗaya shi ne nauyinka na yau da kullum, yadda kake zaune yanzu. In direba ya taka birki da ƙarfi ka ji jikinka ya yi gaba, wannan tura ɗin da G ake auna shi. In aka ce G 10 ya samu mutum, ana nufin a wannan ɗan lokacin jikinsa ya danna abin da ke riƙe da shi da nauyinsa sau goma. A zamanin yaƙin, kowa ya yarda cewa G 18 ne iyakar ɗan Adam, in ya wuce haka sai gawa. Saboda haka masu ƙera jiragen yaƙi suka riƙa yin kujeru da ɗamarun matuƙa daidai ƙarfin G 18, don a ganinsu me amfanin kujera mai ƙarfi in mai zama a kai ya riga ya mutu? To amma likitocin da ke zuwa wurin da jirgi ya faɗi suna ganin wani abu dabam. Sau da yawa ɗakin matuƙin bai murƙushe ba, kujerar ce ta tsinke ko ɗamarar ta yanke, mutumin ya bugi ƙarfen gabansa. Wasu kuma sun fita da rai daga hatsarin da lissafi ya ce ba za a rayu ba. Wani mai bincike, Hugh DeHaven, wanda shi ma ya tsira daga hatsarin jirgi a 1917, ya daɗe yana faɗin haka. Abin da ya rage shi ne a gwada a gani.

A 1947 aka ba Stapp wannan aikin, aka tura shi sansanin Muroc a hamadar Kalifoniya, wanda daga baya aka sa wa suna Edwards. A can akwai wani layin dogo mai tsawon mita 610. Kamfanin Northrop ya ƙera wani amalanken ƙarfe mai nauyin kilo 680 da ke zamewa a kan dogon, da kujera a sama, da rokoki a baya, aka sa masa suna Gee Whiz. Kusa da ƙarshen layin aka jera birkuna masu damƙe amalanken su tsayar da shi cikin 'yan mitoci. Da farko mutum-mutumi suka ɗora, suna kiransa Oscar. A wani gwajin ɗamarar ta tsinke, Oscar ya fasa katakon da ke gabansa ya tashi sama, sai a nisan kimanin mita 200 aka tsinto shi. Wanda ya ga wannan da idonsa, shi ne kuma a watan Disamba na shekarar ya hau kujerar ya ce a ɗaure shi.

Hawan farko da sauƙi, roka ɗaya, G 10, yana kallon baya. Daga nan aka riƙa ƙarawa. Kafin watan Agusta na 1948 ya yi hawa 16, ya wuce G 18 ɗin da ake tsoro, ya kai G 35, kuma ya sauko da ƙafarsa. Amma kada ka ɗauka a banza ya samu. Haƙarƙarinsa ya tsage, cikon haƙoransa ya fita, wuyan hannunsa ya karye har sau biyu, a ɗaya daga ciki ma shi ya gyara ƙashin da kansa kafin ya isa ofis. Ciwon kai na kwanaki kuwa ba a maganarsa. Akwai wasu sojojin sa-kai da suka hau, an kuma yi amfani da birai, amma dokarsa ita ce ba ya sa wani a matakin da shi bai fara ɗanɗanawa ba. Zuwa watan Yuni na 1951 an yi hawa 74 da mutane a kan wannan amalanken.

Abin da ya burge ni a zaman Muroc, ban da jarumtar, shi ne mutumin bai manta shi likita ne ba. In an tashi aiki, yakan zaga gidajen ƙananan sojoji da ma'aikatan kamfanin ya duba matansu da yaransu kyauta, don wurin hamada ne, asibiti da nisa. A nan ne kuma aka haifi abin da Turawa ke kira dokar Murphy. Wani injiniya, Kyaftin Edward Murphy, ya kawo na'urorin awo a 1949, aka haɗa wayoyinsu a juye, aka yi gwajin duka na'urar ba ta rubuta komai ba. Har yau ana jayayya a kan wanda ya fara furta maganar, amma Stapp ne ya yaɗa ta gaban 'yan jarida, da ya bayyana cewa dalilin da ba su rasa rai a aikin ba shi ne suna ɗauka cewa duk abin da zai iya lalacewa zai lalace, sai su shirya masa tun kafin.

Me aka koya? Na farko, jikin mutum ya fi kujerun ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka sojan sama suka ɗaga ma'aunin kujeru da ɗamaru. Na biyu, wanda ke zaune yana kallon baya ya fi jure tsayawar farat ɗaya, don bayan kujera ne ke tallafe shi daga kai har ƙugu, shi ya sa jiragen jigilar sojan Amurka da yawa suka juya kujerunsu, kuma wannan hikimar ce ta sa ake juya kujerar jariri baya a cikin mota. Na uku, yadda aka ɗaure mutum shi ne komai. Bel ɗin ƙugu shi kaɗai yana barin mutum ya naɗe kamar tabarma, kai ya bugi gaba. In kuma bel ɗin ya hau ciki, mutum yana sulalewa ta ƙarƙashinsa ya yanke masa hanji. Sai Stapp da mutanensa suka gyara ɗamarar, suka faɗaɗa ta, suka ƙara wani maɗauri da ke fitowa ta tsakanin cinyoyi ya riƙe bel ɗin a kan ƙashin ƙugu, inda jiki ya fi ƙwari.

A 1953 aka mai da shi sansanin Holloman a jihar New Mexico. Lokacin jiragen yaƙi sun fara wuce gudun sauti, tambayar kuma ita ce in jirgi ya lalace a irin wannan gudun, matuƙi ya ja kujerar da ke cilla shi waje, zai rayu kuwa? Don iskar da zai faɗa ciki kamar bango take. Aka ƙera sabon amalanke mai suna Sonic Wind, aka shimfiɗa dogo mai tsawon sama da kilomita ɗaya. Birkinsa ma na ruwa ne: tsakanin dogayen akwai kwatami cike da ruwa, a ƙarƙashin amalanken akwai wani ƙarfe kamar ludayi da ke nutsewa ciki ya kwashi ruwan. A watan Maris na 1954 ya yi hawan farko a nan. Ya san idanunsa ne ke cikin haɗari, don jini kan taru a cikinsu duk lokacin da aka tsaya, har ya riƙa koyon sa kaya da cirewa a cikin duhu a ɗakinsa, ko da zai makance kada ya zama nauyi a kan kowa. Ni wannan wurin ya fi komai tsaya mini a rai. Mutumin ya san abin da zai iya samunsa sarai, ya zauna ya yi shirin zama makaho, da gari ya waye ya tafi aiki.

Ranar 10 ga Disamba, 1954, aka ɗaure shi tamau, hannu da ƙafa, aka sa masa hular kwano da roba a baki, babu gilashi a gabansa. Rokoki 9 aka kunna. Cikin daƙiƙa 5 ya kai gudun kilomita 1,017 a awa. Don ka gane, a wannan gudun daga Kumasi zuwa Ankara minti 15 ne. Akwai jirgin sama da ke binsa don ɗaukar hoto, wani matashin matuƙi Joe Kittinger ke tuƙawa, amalanken ya wuce jirgin. Sai ludayin ya shiga ruwa, kuma cikin daƙiƙa 1.4 komai ya tsaya cak. Na'ura ta rubuta G 46.2. In mutum yana da kilo 75, kamar an ɗora masa buhun siminti kusan 70 ke nan a ƙirji da ƙugu. Da suka kwance shi, idanunsa sun cika da jini, ba ya ganin komai, yashin hamada ya huda rigarsa ya yi masa ƙuraje, duk inda ɗamara ta bi ya yi baƙi. Aka kai shi asibiti. Sannu a hankali gani ya fara dawowa, washegari yana iya gane mutane, ko da yake idon bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarsa. Bai karaya ba koraa, har ya nemi a bar shi ya sake hawa da gudun da ya fi wannan. Manyansa suka ce a'a, ya isa. A watan Satumba na 1955 mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta, duniya ta san shi a matsayin mutumin da ya fi kowa gudu a doron ƙasa.

A ganina, abin da ya yi da wannan sunan ya fi hawan kansa daraja. Yana duba takardun mace-macen rundunarsa sai ya lura cewa sojojin sama da ke mutuwa a hatsarin mota sun kusa kai waɗanda ke mutuwa a jirgi. An kashe dukiya an horar da matuƙi, ya tsira a sama, ya zo ya mutu a hanyar gida. Sai ya fara sayen tsofaffin motoci, yana ɗora mutum-mutumi a ciki, yana buga su da bango yana ɗaukar hoto. Wasu manyansa ba su so ba, suna ganin kuɗin soja ba na binciken mota ba ne. Bai daina ba. A 1955 ya gayyaci injiniyoyin kamfanonin mota da likitoci da malaman jami'a zuwa Holloman su gani da idonsu. Wannan zaman ne ya zama taron shekara-shekara na binciken hatsarin mota da ke ɗauke da sunansa.

Abin da yake nuna musu mai sauƙi ne. A kowane hatsari karo biyu ake yi. Na farko mota ta bugi abu ta tsaya. Na biyu mutumin da ke ciki, wanda har yanzu yana tafiya da gudun da motar take yi, ya bugi sitiyari ko gilashi ko kujerar gabansa, ko ƙofa ta buɗe ya faɗa titi. Na biyun ne ke kisa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta bugi bango, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka zuwa 100, tsayin ba ninki biyu yake yi ba, huɗu ne, kusan mita 40. Uwar da ta rungume yaro mai kilo 10 a gaban mota, in G 30 ya same su, yaron ya zama kilo 300 a hannunta. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, duk son da take masa. Saboda haka Stapp ya yi ta kira a sa bel, a lulluɓe gaban mota da abu mai laushi, a yi makullin ƙofa da ba ya ɓallewa, a yi sitiyarin da ke lanƙwashewa maimakon ya soki ƙirjin direba.

Kamfanoni ba su yi saurin karɓa ba, suna tsoron maganar hatsari za ta kori masu saye. Ford ta gwada tallar kayan kariya a motocinta na 1956. A Suwidin, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo, wanda shi ma daga aikin kujerun jirgin yaƙi ya fito, ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, irin wanda muke gani yau. Amma sai da mutanen da ke mutuwa a titunan Amurka suka kusa kai 50,000 a shekara kafin gwamnati ta motsa. Ranar 9 ga Satumba, 1966, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar motoci, Stapp yana wurin. Daga 1968 ya zama dole kowace sabuwar mota ta fito da bel.

Waɗanda suka fi saurin ɗaukar darasin su ne 'yan tseren mota, musamman masu yi don sha'awa, irin likita ko ɗan kasuwa da ke fitar da motarsa ranar Lahadi ya shiga gasa ba don kuɗi ba. A watan Agusta na 1956, a garin Arcata na Kalifoniya, motar wani ɗan tsere da ake ƙauna, William Snell, wanda aka fi sani da Pete, ta kife. Yana sanye da hular kwano irin ta zamanin, amma raunin kai ne ya kashe shi. Abokansa na ƙungiyar tseren suka ce ba za a bar maganar haka ba, suka kafa gidauniyar Snell a 1957. Wani likita ɗan tsere, George Snively, ya ɗauki hanyar da Stapp ya bi, wato a daina yarda da bakin mai sayarwa, a gwada. Ya tara hulunan da ke kasuwa ya yi ta bugunsu, har da gawarwaki ya yi gwaji, ya gano yawancinsu ado ne kawai. Waɗanda suka yi abin kirki su ne masu farin soso mai tauri a ciki, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon firij, don shi yana murƙushewa ya shanye bugun. A 1959 gidauniyar ta fitar da ma'auninta na farko, kuma har yau tana sabunta shi kusan duk shekara biyar.

Yadda suke gwajin yana da ban sha'awa. Ana sa hular a kan wani kai na ƙarfe mai na'urar awo a ciki, a ɗaga shi sama a sake shi ya faɗo kan maƙera, wata shimfiɗaɗɗiya, wata mai tudu. Shekaru da yawa dokarsu ita ce abin da ya isa kan kada ya wuce G 300. Mai karatu zai ce yaya haka, Stapp da G 46 ya kusa makancewa? Bambancin lokaci ne. Na Stapp ya ɗauki sama da daƙiƙa ɗaya, bugun hula kuwa ɗan mitsitsin yanki ne na daƙiƙa, kuma shi kansa Stapp ya nuna cewa tsawon lokacin da saurin zuwan bugun suna da muhimmanci kamar girmansa. Ana kuma jan igiyar haɓa da ƙarfi a ga ko za ta tsinke, don hular da ta fita daga kai kafin a kai ƙasa ba ta yi komai ba. Ɗamarar 'yan tsere ta yau mai maɗauri biyar ko shida, da wanda ke bi ta tsakanin cinyoyi, jikar ta jirgin yaƙi ce. Daga baya aka gano cewa in an ɗaure jiki sosai, kai da nauyin hula kan fizgi wuya har ya karye, sai Farfesa Robert Hubbard ya ƙera abin tallafar wuya mai suna HANS, wanda shi ma a kan amalanken gwaji aka tabbatar da shi. Yawancin manyan gasanni ba su tilasta shi ba sai bayan mutuwar shahararren direba Dale Earnhardt a 2001.

To mu fa? Mu a nan ba mu da filin tseren da za a yi magana a kai, amma hanyar Ankara da ta Tamale sun ishe mu. A 2021 kusan mutum 3,000 suka mutu a titunan Gana. Ba mu manta Kintampo ba, inda manyan motoci biyu suka yi taho-mu-gama a watan Maris na 2019, sama da mutum 50 suka tafi, kuma hanyar Arewa hanyarmu ce, 'yan uwanmu ne ke hawa da sauka a kanta da goro da shanu da albasa. Doka tana nan, dokar hanya ta 2004 ta wajabta bel da hular kwano. Amma shiga trotro ka duba. Motar da aka ƙera don kaya, an cire komai an walda bencina, babu bel, ƙafar kujerar ma ɗigon walda biyu ne ke riƙe da ita a kan ƙarfen da tsatsa ta ci. Wannan shi ne ainihin abin da Stapp ya tarar a jiragen 1947, kujerar da ta fi mai zama a kanta rauni. Fitocinmu na Suame Magazine gwanaye ne paa, babu motar da ba za su tayar ba, kuma wanda ya iya tayar da injin da ya mutu zai iya ɗaure kujera da kusoshi masu ƙarfi in mai motar ya nema ya kuma biya. Haka wanda zai sayi motar da ta taɓa hatsari a waje aka kawo aka gyara, fenti ba shi ne abin dubawa ba. Bel ɗin da ya riga ya ɗauki bugu sau ɗaya ya miƙe, jakar iskar da ta fashe kuma in ba a sa sabuwa ba, murfi ne kawai a kan rami.

Sai yaranmu masu babur da pragya da aboboyaa, daga Asawase zuwa Sawaba. Wani hular magina ya kifa a kai, wadda aka yi don dutse in ya faɗo daga sama, babu soso a cikinta. Wani hular gaske ce amma igiyar tana lilo. Wani kuma ya rataye ta a hannun babur, sai an kusa shingen polisi a sa. In za ka saya, juya cikinta ka ga farin soson nan mai kauri, ka duba tambarin gwaji irin su ECE ko DOT ko Snell, ka kuma sani cewa hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da bayanta na ƙyalli. Na san amsar da ake bayarwa a tasha, cewa in kwana ya ƙare bel ba ya hanawa. Ni ba malami ba ne, kuma ban musa ajali ba. Amma mai faɗin haka na gan shi yana sa kwaɗo biyu a ƙofar shagonsa a Kejetia kafin ya tafi gida. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Je ka sashen hatsari na asibitin Komfo Anokye ka ga samarin da kwanansu bai ƙare ba, amma baya ya karye ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, uwa ce za ta yi ta juya su a kan katifa shekara da shekaru.

Mu koma ga mai tarihin. A shekarun da yake faman motoci bai bar sama ba. Shi ya tsaya wa gwaje-gwajen balan-balan da suka kai mutum gefen sararin samaniya tun kafin a harba kowa a roka, kuma a ƙarƙashinsa ne Kittinger, matuƙin nan da amalanke ya wuce, ya yi tsalle da lema daga tsayin kilomita 31 a watan Agusta na 1960. A 1957 ya auri Lillian Lanese, wata 'yar rawar gargajiyar Turai. A 1967 rundunar ta ba da aronsa ga sabuwar hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ya yi ritaya a 1970 da muƙamin kanar. Bai kai janar ba, kuma ban yi mamaki ba, don mutumin da ke yawan gardama da manyansa ba kasafai yake hawa can ƙoli ba. A 1991 Shugaba George Bush babba ya ba shi lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha.

Ya ƙare rayuwarsa a garin Alamogordo, kusa da dogon da ya kusa cinye masa idanu. A nan ya rasu a gidansa ranar 13 ga Nuwamba, 1999, yana da shekara 89. Amalanken Sonic Wind ya daɗe a ajiye a gidan tarihin sararin samaniya na garin, taron binciken hatsarin mota mai sunansa kuma ana ci gaba da yinsa.